Ido a Aljihu

Shekara talatin da biyu kafaɗar nan ta hagu
ta yi dakon akwatin allurar shanu,
daga rugagen Batsari har bakin Jibiya.
Yau ko buta ta cika sai ta yi mini ƙorafi.
Shi ya sa da na shiga shagon Badamasi a Ƙofar Ƙaura
ban ce da shi komai ba tukuna.
Ni ke da kuɗin, amma ita za ta yanke ciniki.

Ya sauko da wata baƙa mai dogon hanci,
gilashinta kamar bakin turmi,
jaka daban, ƙafafu uku daban.
"Wannan, Baba, ko sauro ya gifta cikin dare sai ta cafke shi."
Na rataya.
Kafaɗa ta ce, to, wa zai kai ka Zobe da ita?
Motar haya, mutum huɗu a kujera,
buhun masarar wani a kan ƙafarka,
ina za ka zaunar da wannan baƙuwa?

Zinatu, autata, ta riga ta yi dariyarta tun a gida:
"Wayarka fa, ba ta hoto ne?"
Tana yi.
Bara na ɗauko gauraka biyu a bakin ruwa,
na kawo ina nunawa ina washe baki,
jikana ya sa ɗan yatsa zai goge,
wai ƙuda ne a kan gilashi.
Tsuntsu ba ya jiran tsoho ya matso.

Sai Badamasi ya jawo durowa.
'Yar ƙarama, ruwan toka, ta taɓa shan hannu,
gefe guda ya ɗan koɗe.
Tafina ya rufe ta ruf kamar sabulun wanka.
Na danna, hanci ya leƙo a hankali,
kunkuru ya ji gari ya yi shiru.

Daga bakin ƙofa na saita tsallaken titi.
Tela yana lasar zare.
Ya matso, ya ƙara matsowa,
har na ga kafar allura,
har na ga ya kuskure ta sau biyu
ya waiga ko wani ya gani.
Na ƙara ja, sai duniya ta kama rawa.
"Hannunka ne. Manna gwiwar hannu a haƙarƙari,
riƙe numfashi."
Na ce, yaro, na tsira wa bijimi allura yana tsalle.
Amma dai na manna.
Duniya ta zauna.

Bai ɓoye mini aibinta ba, Allah ya saka masa:
"Bayan magariba tana da dundumi,
kuma ka sayi batir na biyu, kar ka jingina da wutar gari."
Na ce mun zama biyu,
ni ma daga isha ba na ganin hanya.

Na ɗora ta a sikelin mai sukari na maƙwabta:
kwatan kilo da 'yar ɗoriya.
Na taya, ya ce albarka.
Na sa takalmi, ya ce dawo.
Ta shige aljihun kaftani, ta kwanta kusa da goro,
kafaɗa ba ta ma san an yi ba.

Da la'asar na tsaya a ƙofar soro ban yi sallama ba.
Tasalla na can ƙarshen tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.
Shekara arba'in, duk hoton da aka yi mata
ta tsuke baki kamar za a tambaye ta haraji.
Na manna gwiwar hannu. Na jawo ta.
Ga ta tana yi wa kaza faɗa,
tana dariya ita kaɗai,
wushiryar nan a fili.

Na riƙe numfashi.

Gauraka su jira ni zuwa Asabar.